Sing Street: Ƙaryar Da Ta Yi 'Ya'ya, Da Yarinyar Da Ba Ta Da Yaya

'Yan uwana mata, musamman ku da ke ajin ƙarshe a sakandare kuna ta lissafin ranar da za a yaye ku, yau ba Indiya za mu je ba. Na sani sarai, da an ce fim mai waƙa sai hankalin yawancinmu ya tafi kan Shah Rukh Khan da Kajol a cikin gonar furanni, ana juyi ana canza kaya kafin waƙa ɗaya ta ƙare. To fim ɗin da na kawo muku a wannan fitowar shi ma waƙa ce ta cika shi, ga ban dariya har da riƙe ciki, amma babu gonar furanni, babu attajirin uba mai gidan bene. Akwai dai ruwan sama, da lungu mai datti, da wasu samari shida waɗanda ɗaya daga cikinsu ko kuɗin baƙin takalmin makaranta ya gagari gidansu.

Sunan fim ɗin Sing Street. An yi shi ne a birnin Dublin na ƙasar Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila, kuma ya fito a shekarar 2016. Ba manyan kamfanonin Hollywood ne suka yi shi ba. Irin finafinan nan ne masu zaman kansu, waɗanda ake harhaɗa kuɗinsu daga ƙananan kamfanoni, a nan ma har da tallafin hukumar finafinai ta ƙasar Ailan. Abin da aka kashe bai wuce dala miliyan 4 ba, wanda a wajen Turawa kuɗin cefane ne idan aka kwatanta da abin da ake zubawa a manyan finafinai.

Wanda ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni shi ne John Carney, haifaffen Dublin a 1972. Shi kansa makaɗi ne kafin ya zama darakta, don ya taɓa kaɗa jita a wata ƙungiya mai suna The Frames a farkon shekarun 1990. Shi ne ya yi fim ɗin Once, wanda ya ɗauka cikin kwana 17 kacal da kuɗin da bai kai dala 200,000 ba, amma waƙar cikinsa ta ci kyautar Oscar a 2008. Wani abin kuma, makarantar da aka nuna a Sing Street, wato Synge Street, makaranta ce ta gaske, kuma a cikinta Carney ya yi karatu. Ashe mutumin ya san abin da yake ba da labarinsa.

TAKALMI RUWAN ƘASA

Labarin ya fara ne a 1985. Conor yaro ne ɗan shekara 15, auta a gidansu. Mahaifinsa Robert mai zanen gine-gine ne, amma aiki ya tsaya cak, an bar shi da sigari da kwalba. Mahaifiyarsa Penny ita ma an rage mata kwanakin aiki. Kullum cikin cacar baki suke, har ta kai yaron yana zaune a ɗakinsa da jita yana mayar da zagin da yake jiyowa ta bango ya zama waƙa. Rannan aka tara yara a teburin cin abinci aka ce za a tsuke bakin aljihu, kuma a kan Conor abin zai faɗa: an cire shi daga makarantar kuɗi an mayar da shi ta kyauta, wadda wata ƙungiyar malaman cocin Katolika ke gudanarwa.

Wannan talaucin ba na gidansu kaɗai ba ne. A tsakiyar shekarun 1980 rashin aikin yi a Ailan ya kai kusan kashi 17 cikin ɗari, matasa kuma sai tururuwa suke suna hawa jirgin ruwa zuwa Ingila neman abinci. Tun a farkon fim ɗin za ki ga ana nuna su a labaran talabijin riƙe da jakunkuna. Kowane yaro a Dublin a lokacin ya taso ne yana jin cewa rayuwa tana can tsallaken teku, a Landan, nan gida kuwa zaman jira kawai ake. Ki riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan labarin.

Ranar farko a sabuwar makaranta Conor ya ci karo da shugabanta, Brother Baxter, mutum mai murtukakkiyar fuska. Doka ta ce baƙin takalmi, na Conor kuwa ruwan ƙasa ne. Ya yi bayani cikin ladabi cewa babu halin sayen wani, amma ina! Sai aka sa shi ya tuɓe takalmin ya yini yana yawo da safa a cikin sanyin nan nasu. Daga baya da ya rasa dabara sai ya samo fenti ya shafe takalmin ya koma baƙi. Duk wadda aka taɓa kora daga aji saboda safa ko ɗankwalin da bai dace da yunifom ba, ta san irin zafin da ke cikin wannan dariyar. Ga kuma wani ƙaton yaro mai cin zali, Barry, da ya sa shi a gaba tun ranar.

Ana cikin haka ne ya hango ta. Tana tsaye a kan matakalar wani gida da ke kallon ƙofar makarantar, ta sha kwalliya, gashi ya tashi sama, ga manyan 'yan kunne, tana kallon titi kamar mai jiran wani. Sunanta Raphina, shekararta 16. Conor ya yi ta maza ya tsallaka titi. Ta ce masa ita mai tallan kayan sawa ce, kuma ta kusa tafiya Landan. Shi kuma da bakinsa ya suɓuce sai ya ce ai kuwa an yi dace, ƙungiyar waƙarsu tana neman yarinyar da za ta fito a bidiyo. Ta ba shi lambar waya. Ya juyo wajen sabon abokinsa Darren ya ce masa dole su kafa ƙungiyar waƙa, yanzun nan.

Ƙungiyar da babu ita! Hausawa sun ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wannan dai ta yi, don kuwa kunya ta hana shi janyewa, sai ya shiga aikin mayar da ƙaryar gaskiya.

Yadda aka haɗa 'yan ƙungiyar shi ne wajen da na fi yin dariya. Darren ɗan ƙaramin yaro ne mai jan gashi, amma yana yawo da katin kasuwanci kamar wani babban manaja, kuma manajan ya zama. Shi ya kai Conor gidan Eamon, wani shiru-shiru mai tabarau wanda babu kayan kiɗan da bai iya ba, don mahaifinsa makaɗin biki ne da giya ta raba da gida, kayan kiɗan suna jibge a falo. Eamon ba shi da abin so a duniya kamar zomayensa, ko a kan gado suna tare. Sai Ngig, wanda suka je har gida suka nemo saboda wautar tunaninsu cewa duk baƙar fata ya iya kiɗa, har Darren yana yi masa magana a rarrabe kamar ba ya jin Turanci, shi kuwa ya amsa musu da Turancin Dublin tsantsa. Aka ƙara da wasu ƙananan yara biyu, Larry da Garry, ɗaya mai ganga ɗaya mai jita. Sunan ƙungiyar kuwa daga sunan makarantarsu suka murɗo shi.

BABBAN WA

Yanzu bari in gabatar muku da mutumin da na fi so a fim ɗin, wato Brendan, yayan Conor. Ya bar jami'a bai gama ba, ya koma gida ya kulle kansa a ɗaki da dogon gashi da tarin faifan garmaho. A ido ba shi da wani amfani, irin yayan nan da ake nunawa ana cewa kada ka zama kamarsa. Amma shi ne malamin gaskiya a duk labarin.

Da Conor ya kawo masa kaset ɗin farko, inda suka kwaikwayi waƙar wata shahararriyar ƙungiyar Ingila mai suna Duran Duran, Brendan bai yi masa kara ba. Ya zare kaset ɗin ya tattake shi. Ya ce masa ba a neman yarinya da fasahar wani, kuma duk bikin aure a garin akwai tsofaffin da ke maimaita waƙoƙin mutane saboda ba su taɓa samun ƙarfin halin rubuta tasu ba. Idan zai yi, ya yi nasa, ko da za a yi masa dariya. Daga nan sai ya mayar da ɗakinsa aji: kowane dare ya ɗauko faifai ya ba shi a matsayin aikin gida, yau The Cure, gobe Hall & Oates, jibi Joe Jackson.

Mu da ke ɗan taɓa rubutu mun san wannan maganar ba ta kiɗa kaɗai ba ce. Kowa da kwaikwayo yake farawa, kuma fim ɗin bai ɓoye haka ba, hasali ma ya mayar da shi abin dariya. Duk lokacin da Brendan ya ba shi sabon faifai, washegari sai ki ga Conor da yaransa sun shigo makaranta da sabuwar shiga irin ta mawaƙan, yau gashi a tsaye da kwalli a ido, gobe hula da doguwar riga. Amma a ƙarƙashin wannan shirmen, waƙoƙin suna ƙara zama nasu. Wuraren da na fi jin daɗi ba wuraren soyayya ba ne, a'a, inda Conor zai ƙwanƙwasa ƙofar su Eamon ko da dare ne ya ce ya zo su rubuta waƙa, Eamon kuma bai taɓa cewa a'a ba. Su zauna, wannan da takarda, wannan da jita, layi ɗaya ya ƙi zama a sake shi, har abu ya tashi. Ba kasafai fim ke nuna yadda ake yin aiki ba, yawanci sakamakon kawai ake nuna mana.

A nan ne ma ya bambanta da finafinan Indiya da muka saba. A can, waƙa tana saukowa ne daga sama, masoya su buɗe baki kawai a ji kiɗan mutum hamsin. A Sing Street kusan duk waƙar da kika ji kin ga lokacin da aka rubuta ta, kin san abin da ya jawo ta, kin ga ɗakin da aka yi gwajinta mahaifiyar Eamon tana shigowa da shayi. A zahiri Carney ne ya rubuta waƙoƙin tare da wani mawaƙin Sukotilan mai suna Gary Clark da wasu abokan aiki, kuma da gangan suka sa ta farko ta fito da ɗanyen kai irin na yara.

Kwalliyar nan ta jawo wa Conor wuya. Brother Baxter ya kira shi ofis ya ce ya wanke fuskarsa, ya ƙi, sai ya bi shi ya damƙo shi ya danna kansa a cikin kwanon wanke hannu ya goge masa fuskar da ƙarfin tsiya. A wajen nan dariya takan ɗauke.

A gida kuma abin ya ƙara lalacewa. Penny ta kamu da son wani mutum a wajen aikinta, iyayen suka tara yara suka ce za su rabu, za a sayar da gidan. Ku lura, rabuwa suka ce, ba saki ba, don a Ailan ta 1985 babu saki a doka sam. Tsarin mulkin ƙasar na 1937 ne ya hana. An yi ƙuri'ar raba-gardama a 1986 mutane kashi 63 cikin ɗari suka ce a bar dokar yadda take, sai a watan Nuwamba na 1995 aka amince da sakin, shi ma da ratar ƙuri'a 9,114 kacal a duk ƙasar. Kenan iyayen Conor sun shafe shekaru a ɗaure da juna, ba so ba rabuwa, yaran kuma su ne suka sha hayaƙin.

Wanda ya fi shan hayaƙin shi ne Brendan, kuma akwai ranar da ya fashe. Conor ya yi masa wata 'yar magana ta raini, sai ya juyo ya amayar da abin da ke cikinsa: shi ne ɗan fari, shi kaɗai ya zauna da waɗannan iyayen shekara da shekaru kafin a haifi sauran, shi ya sare dajin da adda, ƙanin ya zo ya tarar da hanya a share yana tafiya ana yaba masa. Shi ma da can gwanin jita ne, shi ma ya so tafiya aka hana shi. Wallahi duk wadda take 'yar fari a gidansu za ta ji wannan wajen har cikin ƙashinta. Jack Reynor ne ya fito a matsayin Brendan, kuma a ƙarshen fim ɗin an rubuta cewa an sadaukar da shi ga 'yan uwa maza a ko'ina suke.

'Yan uwa maza. To mu fa?

RAPHINA

Ga inda nake so mu zauna sosai, don yawancin masu yabon fim ɗin nan labarin Conor suke bayarwa, ni kuwa idona yana kan yarinyar.

Gidan da Raphina ke tsayawa a ƙofarsa ba gidansu ba ne, gidan renon 'yan mata marasa galihu ne. Mahaifinta mashayi ne, mota ta kaɗe shi ya mutu. Mahaifiyarta tana fama da ciwon ƙwaƙwalwa, yau tana asibiti gobe an sallamo ta. Ta bar makaranta. Akwai ma wata magana da ta yi game da mahaifin nata wadda ke nuna abin da ta gani a hannunsa ya wuce a faɗa. Duk wannan kwalliyar da manyan 'yan kunnen, sulke ne. Abin da ta mallaka a duniya, a ganinta, fuskarta ce, da kuma alƙawarin wani saurayi mai suna Evan, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, mai mota buɗaɗɗiya, wanda ya ce zai kai ta Landan ya haɗa ta da manyan masu ɗaukar hoto.

Abin da ke ba ni haushi, kuma yake burge ni da fim ɗin a lokaci guda, shi ne yarinyar nan tana da fasaha a hannunta amma ba ta ganinta. Ranar da za su ɗauki bidiyon farko a wani lungu, samarin sun zo da tarkacen kaya, wani da rigar kaboyi, wani da haƙoran roba, abin dai ba a cewa komai. Ita ce ta buɗe jakarta ta gyara musu fuska ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da shirme ya zama abin kallo. Ranar da suka je ɗaukar wani bidiyon a bakin teku, an shirya za ta yi kamar ta faɗa ruwa ne kawai, sai ta faɗa da gaske alhali ba ta iya iyo ba, Conor ya bi ta ya tsamo ta. Da ya tambaye ta dalili sai ta ce ba a yin aikin fasaha rabi da rabi. Ban ce ku gwada ba! Amma ku dubi irin zuciyar da ke ƙirjinta. Da irin wannan zuciyar namiji ya samu a fim ɗin, da an ba shi jita. Ita kuwa an ba ta jira.

Ku duba wannan kuma. Farkon ganinmu da ita tana tsaye a kan matakala tana jiran mota. Akwai wani wajen da Brendan da Conor ke zaune a saman bene suna kallon mahaifiyarsu ta baya, tana zaune a kan matakalar ƙofar gida da jarida, tana tsintar 'yar ranar yamma da ta rage. Brendan ya ce kullum haka take yi, burinta a kai ta hutu ƙasar Sifen, mahaifinsu kuma bai taɓa kai ta ba. Mata biyu, matakala biyu, kowacce tana jiran namijin da zai ɗauke ta ya kai ta inda rana take. Ɗaya tana da shekara 16, ɗayar ta haifi uku. Ban sani ba ko Carney ya yi haka da niyya, amma ni ina ganin ɗayar ina ganin ɗayar.

Evan kuwa ya cika alƙawarinsa, irin cikawar da irinsu ke yi. Ranar da Conor ya shirya ɗaukar babban bidiyonsa a zauren makaranta yana ta kallon ƙofa, Raphina ba ta zo ba, ta bi Evan Landan ko sallama babu. A nan ne kaɗai fim ɗin ya yi irin ta Indiya: Conor ya lumshe ido ya ga zauren ya cika da fitilu da masu rawa, iyayensa sun shirya suna rawa tare, yayansa ya yi aski ya zo a kan babur, har Brother Baxter yana tsalle-tsalle, ita kuma ta shigo cikin doguwar riga. Waƙar na ƙarewa sai ga zauren nan fayau, 'yan yara ƙalilan suna rawar da ba su iya ba.

Ba a daɗe ba ta dawo. Conor ya gan ta a titi babu kwalliya, gashi a kwance, ta koma 'yar yarinyar da take tun asali, har ta yi ƙoƙarin ce masa ai ita ƙanwar Raphina ce. Ga tabo a kumatunta. Evan bai san kowa a Landan ba, ƙarya ce tun farko, suka yi faɗa ya mare ta ya bar ta a masauki babu ko sisi. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda take magana bayan nan, kamar wadda ta yanke wa kanta hukunci cewa ita dama ba ta cancanci komai ba, za ta nemi aikin sayar da abinci ta ƙarasa rayuwa a haka.

Ƙarya biyu kenan a fim ɗin, kuma duk a kan yarinya ɗaya aka yi su. Conor ya ce yana da ƙungiya alhali ba shi da ita, Evan ya ce yana da mutane a Landan alhali ba shi da su. Ta Conor ta tsira ne saboda ya koma ya yi gumi a kanta, kuma ba shi kaɗai ba: yana da Eamon da zai buɗe masa ƙofa da tsakar dare, yana da Darren mai riƙe kyamara, yana da yayan da zai tattake masa kaset idan ya yi shirme. Raphina fa? Ki duba fim ɗin daga farko har ƙarshe, ba za ki ga ƙawarta ko ɗaya ba. Gida guda cike da 'yan mata, amma ba a nuna mana wadda suke ƙus-ƙus da ita da dare ba. Babu yaya, babu inna, babu malama, babu wadda za ta kalli Evan sau ɗaya ta ja ta gefe ta ce ke, wannan mutumin wa ya sani a Landan ɗin, ina adireshin, ina kuɗin komowa? Brendan ya ƙare wa Evan kallo ne daga labari kawai, ya yi masa ba'a a kan irin waƙar da yake saurare a mota, amma ƙaninsa ya faɗa wa, ba ita ba.

A nan nake ganin Carney ya gaza, duk da son da nake wa fim ɗin. Ya san yadda samari ke gina juna, ya nuna shi da kyau ƙwarai. Da ya zo kan mace sai ya bar ta ita kaɗai kamar hoto a bango, kyakkyawa mai baƙin ciki wadda aikinta shi ne ta sa namiji ya rubuta waƙa. Ko Ann, yayar Conor mace, wadda ita kaɗai ce ke karatu da gaske a gidan, ba a ba ta bakin magana ba sai 'yan kalmomi. Abin da ya ceci Raphina daga zama hoto shi ne Lucy Boynton, yarinyar da ta fito a matsayinta, wadda ta iya nuna tsoro a ƙarƙashin jan baki. Akwai inda take zaune gaban madubi tana goge kwalliya tana sauraren kaset ɗin da Conor ya jefo mata ta ƙofa, ba ta ce uffan ba, amma fuskarta ta gama ba da labari.

Kafin in wuce, ga gargaɗi ga masu ƙanne: rayuwar Turawa ce, akwai shan sigari da giya da baƙaƙen maganganu irin na 'yan makaranta. A Amurka ma an sa masa sharaɗin cewa 'yan ƙasa da shekara 13 sai da kulawar iyaye.

ƘARAMIN JIRGI, BABBAN TEKU

Ƙarshen zangon karatu aka yi casu a makaranta, Sing Street suka hau dandamali a karon farko gaban jama'a. Barry mai cin zali, wanda muka gano cewa shi ma dukansa ake yi a gida, ya zama mai ɗaukar musu kaya da tsare su. Waƙarsu ta ƙarshe sunanta Brown Shoes, wato takalmi ruwan ƙasa, kuma kun san da wa ake. Suka rarraba wa ɗalibai hoton fuskar Brother Baxter kowa ya rufe tasa da shi, zauren ya kaure. Raphina ta shigo ana tsakiyar waƙar.

A daren suka ruga gida suka tashi Brendan. Kakansu ya bar wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai inji a Dalkey, bakin teku kudu da Dublin, suna so ya kai su can, za su tsallaka zuwa Wales su wuce Landan. Brendan ya tambaye su ko suna da kuɗin Ingila, babu. Ko sun san wani a can, babu. Abin da ke hannunsu kaset-kaset ɗin waƙa ne da bidiyo da hotunan Raphina. Ya ɗauko makullin mota. Conor ya leƙa ɗakin mahaifiyarsa tana barci ya yi mata sallama a hankali. A bakin ruwa Brendan ya miƙa masa wasu baitoci da ya rubuta, karo na farko da ya ɗauki alƙalami bayan shekaru, ya tsaya yana kallonsu har suka yi nisa, sannan ya daka tsalle yana ihu shi kaɗai kamar shi ne ya tafi.

Fim ɗin ya samu karɓuwa tun da aka fara nuna shi a bikin finafinai na Sundance a Amurka a watan Janairun 2016, har ya shiga takarar kyautar Golden Globe, inda La La Land ya doke shi a 2017. Ferdia Walsh-Peelo, yaron da ya fito a Conor, bai taɓa yin fim ba kafin nan, layi ya bi wajen tantancewa kamar kowa, daga baya ya fito a CODA wanda ya ci kyautar Oscar ta fim mafi kyau a 2022. Lucy Boynton kuma ta fito a Bohemian Rhapsody a 2018. An mayar da labarin wasan dandamali a New York a ƙarshen 2019, ana shirin kai shi Broadway a 2020 sai annobar korona ta rufe gidajen wasa.

Amma har yau masu kallo ba su daina gardama a kan wannan jirgin ba. Tsakanin gaɓar Dublin da Wales akwai tafiyar kusan kilomita 100 a teku mai sanyi da igiya, su kuwa yara biyu ne a cikin abin da bai fi kwale-kwale ba. Wasu sun ce tafiyar gaske ce, wasu sun ce wani mafarkin ne irin na zauren makaranta, don ruwan da ke dukansu da hasken wajen sun fi kama da bidiyon waƙa. Ni dai abin da na lura da shi daban ne. Wannan karo na biyu kenan da Raphina ta kama hanyar Landan a bayan namiji, babu kuɗi, babu adireshi, kuma ba ita ke riƙe da sitiyari ba. Eamon da sauran yaran an bar su a Dublin suna jiran a dawo a ɗauke su. Hadari ya taso, wani ƙaton jirgin fasinja ya ratso ta gabansu saura ƙiris ya kife su, irin jirgin nan da matasan Ailan ke hawa zuwa Ingila, mutanen ciki suna ɗaga musu hannu. Conor ya juya ya bi sawunsa, ruwa na dukan fuskarsa yana murmushi. Raphina tana zaune a bayansa, ta ja mayafi ta rufe kanta.